Zaɓin Yanayi: Yadda Halittu Ke Sauyawa Ba da Niyyarsu Ba

An yi zamanin da kulorokwin ne sarkin magungunan zazzaɓin cizon sauro. Ga arha, ga aiki. Wajen ƙarshen shekarun 1950 sai aka fara samun marasa lafiya a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka suna sha amma zazzaɓin bai sake su ba. A 1978 matsalar ta ɓulla a gabashin Afirka, daga nan ta bazu a nahiyar, har ƙasashe suka riƙa sauya magani ɗaya bayan ɗaya. In ka tambayi mutane abin da ya faru, yawanci za su ce ƙwayar cutar ce ta saba da maganin. Amsar tana da daɗin ji, sai dai ta kauce hanya. Babu wata ƙwaya guda da ta sha magani yau da gobe har jikinta ya taurare. Abin da ya faru shi ne, a cikin biliyoyin ƙwayoyin cutar, an sami 'yan tsiraru da aka haifa da wani ɗan bambanci wanda ke sa su fitar da maganin daga inda yake yi musu lahani. Magani ya kashe sauran, su suka tsira, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji wannan hali. Da tafiya ta yi nisa, zuriyarsu ce ta cika fili.

Wanda ya fahimci wannan ya riƙe igiyar abin da masana ilimin halittu ke kira zaɓin yanayi, wato babbar hanyar da juyin halitta ke bi. Sauyin ba a jikin halitta guda yake aukuwa ba, a cikin jama'arta yake aukuwa, daga wannan tsara zuwa mai bi mata. Kuma ba ya bukatar niyya ko dabara daga halittar kanta.

Sharuɗɗan abin ba su da yawa. Na farko, 'ya'yan jinsi guda ba sa zama iri ɗaya sak: wani ya fi tsawo, wani ya fi jure ƙishirwa, wani launinsa ya fi duhu. Na biyu, wani kaso na wannan bambanci ana gadonsa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku kuwa, kowane jinsi yana haifar fiye da abin da muhalli zai iya ɗauka. Charles Darwin ya yi lissafi da giwa, wadda ke cikin dabbobin da suka fi jinkirin haihuwa, ya nuna cewa da a ce duk ɗan da aka haifa zai rayu ya haihu, giwaye biyu za su zama kusan miliyan 19 cikin shekara 750. Tunda duniya ba ta cika da giwaye ba, ke nan yawancin abin da ake haifa ba ya kaiwa ga barin baya. To idan wanda ya rayu da wanda ya mutu ba kan mai uwa da wabi ba ne gaba ɗaya, idan wani hali da ake gado yana ƙara wa mai shi ko da ɗan ƙanƙanin rabo na tsira da haihuwa, dole halin nan ya yawaita a tsara ta gaba. Lissafi ne kawai.

Darwin ya yi shekara biyar, daga 1831 zuwa 1836, yana zagaya duniya a jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle, yana tara duwatsu da tsirrai da dabbobi. Amma abin da ya buɗe masa ido ya same shi ne a gida, a 1838, lokacin da ya karanta rubutun Thomas Malthus kan yadda yawan jama'a ke neman fin abinci saurin ƙaruwa. Ya zauna da ra'ayinsa shekara ashirin yana tara hujja, har da kiwon tantabaru don ya ga yadda masu kiwo ke fitar da sababbin iri. Sai a 1858 wasiƙa ta iso masa daga Alfred Russel Wallace, wanda ke tara ƙwari da tsuntsaye a tsibiran da yanzu ke cikin Indonesiya, ɗauke da kusan ra'ayi iri ɗaya. An karanta takardun mutanen biyu tare a gaban wata ƙungiyar masana a Landan ranar 1 ga Yuli 1858, littafin Darwin kan asalin jinsunan halittu kuma ya fito a Nuwamba 1859. Wallace ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

Kiwon tantabarun nan ba wasa ba ne. Ɗan Adam ya daɗe yana yin irin wannan zaɓi da hannunsa. Masara ta fito ne daga wata ciyawa ta ƙasar Meksiko mai 'yan ƙwayoyi kaɗan masu taurin ɓawo, manoma suka yi ta ajiye irin da ya fi kyau tun kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Duk karnukan duniya, manya da ƙanana, daga kyarkeci suka fito. Hujjar Darwin ita ce, abin da mai kiwo ke yi da gangan cikin ƙarnoni, fari da yunwa da cuta da maƙiya suna yin sa ba da gangan ba cikin miliyoyin shekaru.

Shi Darwin ya ɗauka aikin yana da jinkirin da ba za a gan shi da ido ba. A nan ya raina abin nasa. Tun daga 1973, wasu masana biyu, mata da miji, Peter da Rosemary Grant, suka riƙa zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major a cikin tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik, suna kama ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, suna sa wa kowanne zobe a ƙafa, suna auna bakinsa da ma'auni, suna rubuta wa ya haifi wa. A 1977 aka yi mummunan fari. Ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, sai manya masu tauri da ƙaya suka rage a ƙasa. Tsuntsu mai ƙaramin baki zai ɗauki tsaba ya jujjuya ta, ya kasa fasawa, ya yar, ya nemi wata, ƙarfinsa yana ƙarewa. Mai kaurin baki kuwa zai murƙushe ta ya ci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan jinsi a tsibirin suka mutu. Bambancin bakin wanda ya rayu da wanda ya mutu sau da yawa bai kai milimita guda ba. Da ruwa ya dawo aka yi ƙyanƙyasa, sai aka ga matsakaicin kaurin bakin sabuwar tsara ya ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. A 1983 aka tafka ruwan sama na watanni, tsirrai masu ƙananan tsaba suka mamaye tsibirin, sai reshe ya juye da mujiya: masu ƙaramin baki suka fi samun abinci, matsakaicin baki ya sake komawa ƙasa. Ashe babu wani bakin da ya fi a ko da yaushe. Abin da ya dace bana, baɗi yana iya zama nauyi. Wannan ya isa ya rushe tunanin da ake yi cewa mai ƙarfi ne kullum ke cin nasara. Wanda ya bar 'ya'ya masu rayuwa shi ne ya ci, ko da rago ne, ko da ƙarami ne. A gandun dajin Gorongosa na ƙasar Mozambik, lokacin yaƙin basasa daga 1977 zuwa 1992, an kashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwaye saboda haure. Kafin yaƙin, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na matan giwayen ne ba su da haure. Bayan yaƙin, kusan rabinsu ne. Haure makami ne, abin haƙa ne, amma da mafarauci ya shigo da bindiga, rashinsa ne ya zama garkuwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Daga ina bambancin ke fitowa tun farko? Kafin Darwin, wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya ce a 1809 halitta na sauya jikinta ta hanyar amfani da gaɓoɓinta, ta kuma gadar wa 'ya'yanta: raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya don cin ganye, wuyan ya ƙaru, ɗansa ya gada. Har yau wannan ne bayanin da ke fara zuwa zuciyar mutum, shi ne kuma ɗan'uwan maganar nan ta cewa ƙwayar cuta ta saba da magani. An gwada shi an ga ba haka ba ne, kuma gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Joshua da Esther Lederberg suka yi a Amurka a 1952. Sun shuka bakteriya a faranti har suka yi ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda. Sai suka ɗauki ƙyallen karan-miski suka danna a kan farantin, suka sake danna shi a kan wasu farantai da aka sa wa abin da ke kashe bakteriya, ta yadda kowane ɗigo ya sauka a daidai gurbinsa. Kusan komai ya mutu, sai 'yan ɗigo kaɗan suka tsiro. Abin lura shi ne a gurbi ɗaya suke tsirowa a kowane faranti. Da aka koma farantin asali, wanda bai taɓa ganin guba ba, aka ɗebo daga wannan gurbin, sai aka tarar da masu juriyar suna nan tun da can. Guba ba ta koya musu komai ba. Aikin muhalli kamar na rariya ne: ba ta ƙirƙirar tsaki ko gari, abin da aka zuba mata take rabawa.

Darwin bai san yadda gado ke aiki ba, kuma wannan babban giɓi ne a bayaninsa. A zamaninsa ana ganin halin uwa da na uba suna cakuɗewa ne a jikin ɗa, wanda da haka ne, duk wani sabon hali mai amfani zai narke ya ɓace cikin 'yan tsararraki. Amsar tana hannun wani malamin coci, Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakon gwajinsa kan wani nau'in wake a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900. Mendel ya nuna cewa gado ƙwaya-ƙwaya ne, hali yana iya ɓuya a wannan tsara ya fito cikakke a ta gaba. A shekarun 1930 da 1940 masana irin su Fisher da Haldane da Wright da Dobzhansky suka haɗa lissafin Mendel da ra'ayin Darwin, a 1953 kuma aka gano siffar DNA, wato zaren da bayanan gado ke rubuce a kansa da haruffa huɗu. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi wannan rubutu, kwafi kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Rubutun ɗan Adam ya kai harafi biliyan 3, kuma kowane jariri yana zuwa da gomman sababbin sauye-sauye waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Yawancinsu ba sa cutarwa ba sa amfanarwa. Wasu na cutarwa. Ƙalilan na amfanarwa, su ma gwargwadon wuri da lokaci.

Shi ya sa masu cewa juyin halitta duk dace ne suka faɗi rabin gaskiya. Fitowar sauyi dace ce, ba ta duba bukatar mai ita. Tacewar da ke biyo baya kuwa ba dace ba ce ko kaɗan, kuma tana tarawa: abin da aka samu a wannan tsara shi ne jarin ta gaba. Akwai dai wani ɓangaren da dace ke taka rawa sosai, musamman a ƙaramar jama'a. Idan ambaliya ta share rabin wasu ƙwari ba tare da duba halinsu ba, ko 'yan tsuntsaye kaɗan suka faɗa wani tsibiri suka kafa zuriya, wasu halaye za su yawaita wasu su ɓace ba don amfani ko illa ba. Masana na ɗaukar wannan a matsayin hanya mai zaman kanta, kuma a matakin DNA, sauye-sauye masu ɗimbin yawa ta nan suke yaɗuwa.

Cutar sikila ta nuna yadda tacewar ba ta da tausayi kuma ba ta hangen nesa. Harafi guda ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin jan jini. Wanda ya gaji sauyin daga iyaye biyu yana fama da ciwo mai tsanani. Wanda ya gada daga ɓangare guda, wato mai AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, kuma yana da kariya mai ƙarfi daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Don haka a yankunan da zazzaɓin ke kashe yara, a Afirka da Indiya da wasu sassan Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum, ƙwayar ta yawaita duk da illarta. Rayukan da take cetowa ta hannun masu AS su ne ke riƙe da ita, kuɗin kuma masu SS ne ke biya. Idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS.

Haka ma jikin dabbobi cike yake da alamun gyaran tsohon gini. Akwai wata jijiya da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro. Maimakon ta tafi kai tsaye, sai ta gangara ƙirji, ta zagaye babbar jijiyar jini kusa da zuciya, sannan ta hauro. A jikin raƙumin dawa wannan zagaye ya kai mita huɗu ko fiye, alhali tazarar asali 'yar kaɗan ce. A jikin kifi, wanda ba shi da wuya, hanyar miƙaƙƙiya ce. Bayanin masana shi ne wuya ya yi ta tsawo a hankali, jijiyar na maƙale a bayan jijiyar jini, ita ma ta yi ta tsawo, domin babu matakin da za a kwance ta a sake ɗaurawa. Shi kansa dogon wuyan ƙashi bakwai ne a cikinsa, daidai da na mutum da na ɓera. Hannun mutum, fiffiken jemage da ƙafar gaba ta doki duk tsarin ƙashi guda ne, an miƙe wani an gajarta wani.

Mutane da yawa sun yarda da ƙaramin sauyi irin na bakin tsuntsu, amma suna tsayawa a kan batun fitowar sabon jinsi. Tambayar tana kan hanya. Abin da masana ke cewa shi ne, idan jama'a guda ta rabu biyu, teku ko dutse ko hamada ta shiga tsakani, kowane ɓangare zai ci gaba da tara nasa sauye-sauyen a nasa muhallin, har a kai lokacin da ko sun sake haɗuwa ba za su iya haihuwa da juna yadda ya kamata ba. Doki da jaki suna wannan gaɓar. Kakanninsu sun rabu kimanin shekara miliyan 4 da suka wuce. Har yanzu suna iya haɗuwa su haifi alfadari, amma alfadari kusan kullum ba ya haihuwa: doki na da ƙunshin gado (wato ƙulle-ƙullen da bayanan gado ke ciki) 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, wanda ba ya rabuwa daidai.

Ga manyan sauye-sauye kuwa, shaidar tana cikin duwatsu, kuma ƙarfinta shi ne ana iya yin hasashe da ita kafin a gani. Masana sun san kifaye masu ƙashi a fiffike sun girmi dabbobi masu ƙafa huɗu, sun kuma san tazarar shekarun da ke tsakani. Sai Neil Shubin da abokan aikinsa suka nemi duwatsu masu wannan shekaru, na tsohon bakin kogi, suka same su a tsibirin Ellesmere da ke arewacin Kanada. A 2004, bayan shekaru suna haƙa cikin sanyi, suka tono Tiktaalik, mai shekara miliyan 375: yana da ɓawon kifi da fiffike, amma kansa a baje yake, yana da wuya, a cikin fiffikensa kuma akwai ƙasusuwa masu kama da na kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu. Lokaci ma akwai shi isasshe, domin duniya ta kai shekara biliyan 4.5, alamun rayuwa kuma sun kai aƙalla biliyan 3.5.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu tun daga layin farko, wato batun mutum da biri. Masana ilimin halittu ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani yau ba. Abin da suke cewa shi ne mutum da biri mai suna cimfanzi sun haɗa kaka wanda ya rayu shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, suna kafa hujja da ƙasusuwan da aka tono da kuma kamannin DNA. Yadda wannan ke zama da abin da addinai suka koyar game da asalin ɗan Adam muhawara ce babba, malamai da masu imani sun rabu a kanta, kuma ta fi ƙarfin sakin layi guda. Abin da nake ganin kuskure ne shi ne a bar wannan muhawara ta hana mutum fahimtar sauran. Likitan da ke faɗa da bakteriya masu bijire wa magani, da manomin da ƙwari suka daina jin feshinsa, da mai nazarin sababbin nau'o'in ƙwayar korona, duk da wannan lissafi suke aiki, ko mene ne ra'ayinsu kan wancan batu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun a 1945 ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai bar masu juriya su yaɗu.

Tambayar da har yanzu ake kai-kawo a kanta ita ce, da za a mayar da hannun agogo baya a sake farawa, abu guda zai sake fitowa? Richard Lenski ya fara wani gwaji a Amurka a Fabrairu 1988 da kwalabe 12 na bakteriyar E. coli, duka daga kaka guda. Kullum ana ɗibar kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon ruwan abinci mai ɗan sukari kaɗan, bayan kowace tsara 500 kuma a daskarar da samfuri a ajiye, ta yadda za a iya tayar da kakanni a gwada su da jikoki. Gwajin ya wuce tsara 75,000. Duka layuka 12 sun ƙara saurin hayayyafa, ƙwayoyinsu sun ƙara girma, sau da yawa ma ta hanyar sauyi a wurare iri ɗaya na DNA. Amma wajen tsara ta 33,000, kwalba guda ta wayi gari a gurɓace fiye da saura, alamar jama'arta ta ninka. Bakteriyar cikinta ta fara cin wani sinadari mai suna sitiret, wanda ke cikin ruwan tun ranar farko, wanda kuma E. coli ba ta iya amfani da shi inda akwai iskar oksijin. Da aka tayar da daskararrun kakannin wannan layi aka sake gudanar da su, sai aka ga waɗanda aka ɗauko daga bayan tsara ta 20,000 ne ke iya sake gano hanyar, su ma jefi-jefi. Wasu sauye-sauye ne da suka riga suka faru, waɗanda a lokacinsu ba su da alaƙa da sitiret, suka share fagen. Sauran layuka 11, masu abinci guda da zafi guda da kaka guda, ba su kai ga wannan ba.